Abin da taron masu gidajen burodi ya koya mini

Aikina a wani gidan burodi a Birnin Kebbi lissafi ne: buhu nawa ya shigo, wane mai shayi ya biya, wa ya ce sai gobe. In maigida ya yi tafiya, ni yake turawa taron ƙungiyar masu gidajen burodi, kuma a can na gane yadda sana'ar take.

Kusan kowane zama, maganar farashi ce. Ba laifinsu ba ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje take zuwa, da dala ake sayo ta, kamfanonin da ke niƙa ta kuma tsiraru ne, irin su Flour Mills mai Golden Penny da Olam. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, fulawa ta tashi. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, sai sukari da yis da bota da leda da kuɗin mota suka bi sahu. Duk cikin waɗannan babu wanda mai gidan burodi a Jega ko Argungu yake da ta cewa a kai. Abin da ya rage a hannunsa kuɗin burodi ne, shi ya sa ake ta ja-in-ja a kansa.

Sai a tsayar da farashi, a sa tara, a yi fatiha a watse. Kafin mako ya zagayo yarjejeniyar ta rushe, alhali babu wanda ya rage ko kwabo. Wani ya ƙara wa 'yan sari gyara a ɓoye, wani ya ce zai karɓi kwantai, mafi yawa kuma sun rage nauyin kwaɓin da suke sawa a gwangwani. Wani dattijo a cikinmu kullum cewa yake, "Yara, ku fara da sikeli." Gaskiya ya faɗa. Farashin da ba a ɗaure shi da nauyi ba, sunansa kawai farashi. Mai shayi ma ba ya bukatar sikeli, wuƙarsa ke gaya masa yanka nawa burodin jiya ya ba shi, nawa na yau ya bayar.

Haɗarin kuma a nan yake. Wanda ya rage kwaɓi yana son burodinsa ya cika ido, sai zuciya ta raya masa sinadarin bromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta tun zamanin Dora Akunyili saboda illarsa ga ƙoda da haɗarin ciwon daji. Wani kuma ya zuba sakarin a madadin sukari. Kafin jami'i ya zo da kayan gwaji, abokan sana'a sun riga sun sani, domin ma'aikatan kwaɓi suna sauya gida, suna tafiya da labari. A ganina ƙungiyar da ta iya tsawata wa ɗanta a kan wannan ta fi mai yawan kiran 'yan jarida amfani.

Yajin aiki kuwa, ina da ja a kansa. Ƙungiyoyin ƙasa sun kira shi a Yulin 2022, AMBCN, ƙungiyar masu gidajen burodi ta ƙasa, ta sake shelanta wani a Fabrairun 2024, a kan tsadar kaya da tarin haraji. Koken gaskiya ne. Amma Kebbi ba Legas ba ce. In babu burodi, mutum ya sha kokonsa da ƙosai ko ya sayi masa, ya kama gabansa. Mai shan wuya shi ne mai shayi da yaron da ake biya kuɗin yini.

Amfanin da na gani da idona ba ya shiga labarai. Gidaje su haɗa kuɗi su sauke mota guda ta fulawa, maimakon kowa ya je wurin dila da buhu goma. A riƙa sanar da juna sunan mai cin bashi a nan ya koma can. In masu karɓar haraji sun zo, a tura shugabanni su zauna da su sau ɗaya, a san abin da kowa zai biya. Wanda motarsa ta makale a hanya, maƙwabci ya ara masa buhu biyar ya kunna wuta.

Akwai abin da har yanzu nake tayarwa a taro. A Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, domin shinkafa da alkama. Shinkafa kowa ya ga inda ta kai. Alkamar da ake nomawa da rani kuwa, a alkaki da taliyar gida take ƙarewa, mu muna jiran mota daga Legas ko Kano. Dattawa sukan ce sai da injin niƙa na zamani, kuma fulawar gida ba ta tashi kamar ta waje sai an gauraya. Na yarda. Abin da nake roƙo dai shi ne a gayyato shugabannin manoman alkama zama ɗaya, a ji buhu nawa za su iya kawowa, kuma a kan nawa.