Wasiƙa daga Holan: Takalmin da Ya Kunyata Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Wageningen, wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Holan. Yaya ruwa?

Mu nan ruwan ba shi da wata, kuma kowa keke yake hawa. Ran nan ya yi mini dukan tsiya a hanya, na dawo na wurgar da kambas ɗina a bayan ƙofa, na manta. Ranar Juma'a da na tuɓe shi a ƙofar masallaci, sai na ga wani dattijo ya ɗauke nasa takalmin ya mai da shi can nesa. Bai ce uffan ba. Da ma ya zage ni.

Ashe warin da takalmin ke yi ba laifin ruwan ba ne. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin gumi da matacciyar fata, kuma danshi ne gidansu. A gida rana ke yi mana wannan aikin kyauta ba mu gode mata. Nan kuwa sai dabara.

Yanzu da na shigo, sai in zare igiya, in ciro shimfiɗar ciki, in dunƙule tsohuwar jarida in cusa har ɗan yatsa. In ta jiƙe in sauya, sau biyu ko uku a daren farko, don a nan ake cin nasara ko a faɗi. Kada a ɗora shi kan hita ko a kai shi bakin murhu: gam zai saki, na fata kuma ya tsage. Sai ya bushe ƙarau nake barbaɗa bekin soda ya kwana. Ku da gawayi ke arha, ku ƙulle shi a tsohuwar safa ku tura ciki. Turare kam ɓarnar kuɗi ne, wari biyu kawai za ka haɗa.

Abin dariya, a jami'ar garin nan ne Bart Knols da Ruurd de Jong suka gano cewa macen sauron maleriya na son warin ƙafa kamar yadda take son warin wani cuku mai suna Limburger, har aka ba su kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2006. Ni nan kunya kawai na sha. Ku da Agusta ke tafe, a fitar da jiƙaƙƙen takalmi da safa daga ɗakin kwana.

A gaida mutan gida.

Naku,
ɗan uwanku a Holan