Bulala shida da ban taɓa mantawa ba

Ranar walimar ajiye aikina, hedimasta ya miƙo mini lasifika ya ce in ba ƙananan malamai shawara. Na yi godiya, na yi addu'a, na koma na zauna. Abin da ke cikina ba na taron lemo da cincin ba ne, shi ya sa na bar shi sai yanzu.

Mu 'ya'yan UPE ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya ɗauko mu daga gona ya zaunar da mu a aji, kuma a 1988 na kama alli da takardar shaidar malanta ta Gired Tu. A lokacin ina ganin na gama karatu, saura in juye wa yara abin da aka juye mini.

A 1993 aka ba ni aji biyar. A cikinsu akwai wani yaro dogo, ya girmi sauran da shekara biyu ko uku, domin sai da ya yi nisa a makarantar allo kafin a kawo shi boko. Turanci ya gagare shi. Kullum sunansa na cikin takardar da monita ke rubuta masu yin Hausa a aji, kullum ana tsare shi shara. Wata Laraba na rubuta lissafi a allo: buhu 7, kowane buhu kwano 40, kowane kwano naira 12, nawa ke nan? Ban ajiye allin ba ya ce, "Malam, dubu uku da ɗari uku da sittin." Na duba littafinsa, fari fat, ko layi ɗaya bai ja ba. Na ce ya leƙa littafina da ke kan tebur. Ya ce, "Wallahi Malam a kaina na yi." Rantsuwar ce ta ƙara tunzura ni. Na fito da shi gaban aji, na yi masa bulala shida, na kira shi ɓarawon amsa, yara suka yi ta maimaitawa har aka tashi. Bai yi kuka ba. Washegari kujerarsa babu kowa, haka jibi, haka har ƙarshen zango.

Bayan wata biyu, ranar kasuwa, na je awon gero sai na gan shi a rumfar mahaifinsa. Ashe ɗan ma'auni ne. Na tsaya a gefe ina kallo, mutum uku na ciniki lokaci guda, shi ke yanke wa kowa kuɗinsa ba takarda ba biro. Da kasuwa ta lafa na tambaye shi yadda ya yi lissafin nan na aji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Buhu ɗaya ɗari biyar ba ashirin ne, Malam. Bakwai, dubu uku da rabi, sai a cire ashirin bakwai." Hanyar da ni mai takarda ban taɓa tunaninta ba, kuma ta fi tawa sauri.

Na durƙusa na gaida mahaifinsa, na ce, "Baba, na zalunci yaron nan, a yi haƙuri a maido shi." Dattijon ya ce, "Ba komai Malam, ya wuce. Amma an kira shi ɓarawo a bainar jama'a, mu kuwa sana'armu amana ce." Bai ƙara ko kalma ba. Yaron bai dawo ba. Na koma sau biyu, amsar ɗaya ce.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan zafin zuciya irin na ƙuruciya. Daga baya na gane jahilci ne. Ban san wata hanya ba sai ta littafi, don haka duk wanda ya iso amsa ta wata hanya, a wurina sata ya yi. Malamin da ya daina koyo ba tsayawa kawai yake yi a inda yake ba, yakan fara hukunta yaran da suka wuce shi.

Wannan ne ya kai ni cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wato NTI, mai hedikwata a Kaduna, na yi rajistar NCE ta karatu daga nesa tun kafin a matsa mana da cewa ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. Asabar da hutun zango duk a can na ƙarar da su, ga iyali, ga albashin da sai an yi ta jira. A can na fara jin labarin Farfesa Babs Fafunwa da gwajin da ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarabanci, Turanci ya zama darasi guda kawai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A can kuma na karanta cewa manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida. Mu kuwa muna tsare shi shara saboda ya yi magana da harshen uwarsa.

Da na dawo na soke takardar monita a ajina. Lissafi sai mu fara da Hausa, da kwano da mudu da canjin kasuwa, in yaro ya kama sai mu sa masa rigar Turanci. Na kafa doka guda: duk wanda ya ba da amsa, daidai ko kuskure, zai fito ya nuna mana ta inda ya bi. Hedimastan da nake ƙarƙashinsa a lokacin ya rubuto mini takardar tuhuma, wai ina lalata Turancin yara. Shi abin da ya dame shi littafin shirin darasi ya cika a sa hannu, ko da ajin barci yake. Ƙarin girmana ya kwanta a teburinsa shekara uku. Da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito ajina ne a gaba, a taron iyaye shi ya tashi ya karɓi yabo, bai ambaci sunana ba. Na yafe, amma ban manta ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ku san sana'ar gidan kowane yaro kafin ƙarshen zangon farko. In ɗalibi ya yi tambayar da ba ku sani ba, ku ce za ku bincika, kuma ku bincika ɗin. Kada ku hukunta yaro kuna cikin fushi. Ku bari sai bayan tara.

Yanzu da na ajiye alli, bayan magariba ina zama a zauren wani alaramma na unguwarmu ina koyon rubutun ajami. Yaron nan ya iya shi tun yana ɗan shekara goma sha uku, lokacin da nake rubuta masa "bai iya karatu ba" a katin sakamako. An ce mini yanzu yana harkar hatsi a kasuwar Dawanau. In hannuna ya faɗa, wasiƙar farko da zan rubuta da ajami tasa ce.