Ramin da Igiya ke Bi

Shekara uku ke nan ina sayar da kayan ado na azurfa daga gida, kuma yawancinsu wani maƙerin fari ɗan Agadas da ke zaune a Kano ne yake ƙera mini. Da farko nakan karɓi sarƙa a kammale, da igiyarta da abin ratayarta da duwatsunta duk a haɗe, har na lura jarina yana kwanciya a akwati. Wata za ta so abin ratayar amma ta ce igiyar ta yi mata gajarta, wata kuma ta ce da murjani aka jera maimakon baƙin dutse da ta saya.

Sai na roƙe shi ya riƙa kawo mini kayan a rarrabe: igiya mai tsawon santimita 40 da 45 da 50, abin rataya daban, ƙugiyar 'yan kunne daban, domin mai saye ta haɗa wa kanta abin da ranta yake so. Aikin Abzinawa ya dace da wannan tsari, tun da yake abin wuyan nan da suke kira tanaghilt, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna kuros ɗin Agadas, yana da 'yan'uwa da ake lissafa su 21 gaba ɗaya, masu sunayen garuruwa irin su Tawa da Damagaram da Iferwan da Timiya da Ingal. Igiya ɗaya za ta iya ɗaukar kowannensu.

A nan ne na gamu da abin da ban yi tsammani ba. Maƙerin yana siffanta abin ratayar da kakin zuma ne, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Kafin ya fito da ita dole ya fasa yumɓun, saboda haka babu guda biyu da suke fitowa daidai wa daida. Wannan ne kyan aikin hannu, amma a kashin farko guda biyar cikin goma sha biyu sun ƙi barin maɓallin igiyar ya wuce ta raminsu. Wata baiwar Allah da ke haɗa lefen ƙaninta ta zauna a falona tana tura maɓalli yana tokarewa, har ta haƙura ta tafi.

Da na kai masa kuka, ya ce, "Hajiya, ai hannu ba inji ba ne." Na ce, "Malam, zanen ya bambanta yadda ya ga dama, ramin kawai nake so ya zama ɗaya." Ya yanko guntun ƙarfe mai kaurin milimita 6 ya rataya a jikin maƙerarsa, kuma tun daga ranar duk abin da ƙarfen bai ratsa ba sai ya sha magagari.

Na kuma nace a liƙe bakin ƙananan zobban haɗi da wuta, domin kayan da ake cirewa ana mayarwa a mahaɗa suke fara lalacewa. Zallar azurfa tana da laushi, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe ta koma kashi 92.5 cikin ɗari, wadda ake buga wa lamba 925. Duk da haka, zoben da aka matse da hantsaki kawai yakan buɗe idan mayafi ya fizge shi. Matar lefen ta dawo bayan wata biyu, ta ɗauki igiya mai santimita 45 da na Tawa da na Ingal.