Sati uku ina bin kabu-kabu da motocin tasha a Maraɗi

Da malaminmu ya raba aikin ƙarshen shekara, ni sufurin jama'a ya faɗo mini. Ya ce in binciko yadda garuruwan da suka iya jigilar mutane suke yi, in duba abin da zai karɓi Maraɗi, in kawo rahoto cikin sati uku.

Satin farko a gaban kwamfuta na ƙare shi. Na karanta labarin Kuritiba ta ƙasar Birazil, inda magajin gari Jaime Lerner ya ware wa bas hanyarsa shi kaɗai tun 1974. Bogota ta ƙasar Kolombiya ta bi sahu a 2000, Legas ta buɗe layinta daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, Dakar kuma ta fito da bas masu lantarki a 2024. Abin ya burge ni har na ɗauko taswirar gari na ja jan layi daga babbar kasuwa zuwa jami'a. Na kai wa malam ina jin kaina. Ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Me ka hau ka zo nan?" Na ce kabu-kabu, Malam. Ya ce, "To a wane shafi yake?"

Washegari na fita titi, kuma da kuskure na fara. Na je inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa da takardun tambayoyi na Faransanci a hammata, biro a aljihun gaba. Suka ɗauka daga ma'aikatar magajin gari aka aiko ni kan maganar haraji. Duk wanda na tambaya sai ya ce lafiya lau, Alhamdulillahi, ya tada babur ya yi gaba. Na bar takardun a gida, na koma zama wurin mai shayin da ke kusa da su. Sai a kwana na uku wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya matso ya ce, "Samari, wai me kake nema ne?"

Shi ya buɗe mini ido. Babur ɗin ba nasa ba ne. Kowace yamma akwai kuɗin da zai kai wa mai shi, ko an samu ko ba a samu ba, sai abin da ya yi saura ya shiga tukunyar gidansa. Ga mai: da can kwalaben ruwa-ruwa na bakin titi, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, ke rufa musu asiri, amma tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya canza. Gudun da muke zaginsu a kai, daga nan ya samo asali. Na ba shi labarin Kigali ta ƙasar Ruwanda, inda kowane mai babur ke yawo da hular kwano biyu da riga mai lamba. Ya yi dariya kan hular, ya ce in je in sa wa Hajiya kwanon da wani ya jiƙe da zufa a zafin watan Afrilu, in dawo in ba shi labari. Rigar lamba kuwa ya so ta, don a bambance mai sana'a da ɓarawon da ya ari sana'ar.

Inda na fi daɗewa shi ne tashar ƙananan motoci masu zuwa Ɗan Isa da Madarunfa. Nan doka ɗaya ce: sai mota ta cika. Ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum biyu", kuma biyun nan ba sa ƙarewa. Wata dattijuwa na zaune a kujerar baya da buhu tsakanin ƙafafunta, tana fifita da gefen mayafi. Na ce, "Inna, tun yaushe kike nan?" Ta ce, "Tun hantsi, ɗana." Lokacin an kusa kiran azahar. Ko sau ɗaya ba ta ambaci tsadar kuɗin mota ba. Damuwarta yinin da ya tafi a banza.

Abin da ya tsaya mini a rai, a garin nan dai manyan bas na kamfanoni masu zuwa Yamai suna tashi da asuba kan lokacinsu, da tikiti, ko da sauran kujera. Wanda ya makara ya san ya makara. Ashe ba mutanen Maraɗi ne ba su san lokaci ba. Kamfani zai iya ɗaukar asarar kujera biyu, direban da ake jira da kuɗi da yamma ba zai iya ba. Sai na koma kan wani babi na Dakar da na tsallake a satin farko don ba shi da hotuna masu kyau. Tun 2005 aka haɗa masu tsofaffin motoci ƙungiya-ƙungiya, aka ba su rancen sayen ƙananan bas na Tata, da sharaɗin tikiti da layi tsayayye da wuraren tsayawa sanannu. Wannan ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, don mutanen da ke cikin sana'ar aka fara da su.

Wani abokina ya ce in ba da shawarar hana kabu-kabu kamar yadda Kano ta hana acaɓa a 2013. Ban yarda ba. Can adaidaita sahu ya tare gurbin. Mu ma muna da shi, amma wanda ya san lungunan Bagalam da Maradawa, da yashi da ruwan damina, ya san inda ƙafa uku ke tsayawa biyu ta wuce.

Inda na gaza shi ne mata. Sai kwana biyu kafin in rufe na lura kusan duk maza na yi hira da su. Ƙanwata ce ta cece ni, ta shiga gidaje ta jiyo mini abin da ba za a faɗa mini ba: matsuwa da maza a kujera ɗaya, da wahalar samun abin hawa da dare in haihuwa ta taso. Rabin shafi kawai suka samu a rahoton, kuma malam ya ja layi a ƙarƙashin wurin.

Taswirar nan mai jan layi ban yar da ita ba, na maƙala ta a shafin ƙarshe. Da na koma wurin mai shayi na nuna wa dattijon nan, ya bi layin da yatsa har bakin kasuwa, ya tambaye ni ran Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, ina masu amalanke za su bi.