Fuskata ta fito a bidiyon, saura turawa Kano

Alhamdu lillahi 'yan uwa, bidiyon da zan riƙa tura wa daraktocin fim don su ga yadda nake wasa ya tsaya da ƙafarsa. Minti ɗaya da daƙiƙa 40, sin uku (wato fitowa uku), sunana da lambata a farko da ƙarshe, babu kiɗa. Na kalle shi har ya ƙare zuciyata ba ta ce in goge ba, kuma wallahi na ji daɗi.

Sin na farko ne ya ba ni wuya. Daga wani fim mai dogon zango ne da aka zo aka ɗauki wani sashe nasa a nan Sakkwato, na fito a ƙanen da ake gaya wa rasuwar mahaifinsu. Ban taɓa wasan da ya kai wannan ba. To amma babban jarumin ne ke magana, kyamara tana kansa, ni kuwa ƙeyata da kafaɗata kawai ake gani, sai can a ƙarshe a hasko ni a wuce. Na nuna wa wani abokina, ya gama kallo ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ya iya wasa." Shi yake nufi, ba ni ba. Raina ya ɓaci sosai. Daraktan da ke da bidiyoyi jibge a waya ba zai tsaya neman wane ne mai bidiyon ba. Fuskar da ya fara gani ita zai riƙe.

Na san an ɗauki fuskata kusa a ranar, don har sau biyu aka juyo da kyamara kaina, ba a dai sa a fim ɗin ba. Na samu izinin furodusa, na bi editan, sai da na ba shi naira 10,000 kafin ya tono mini ɗanyen hoton. Kuɗin sun yi mini zafi, aikina ne fa. Da na shigar da shi CapCut, manhajar tace bidiyo, sai na raba murya da hoto, na bar muryar jarumin tana tafiya, hoton kuwa nawa. Yanzu sin ɗin yana buɗewa da fuskata ina saurare. Ana ganin lokacin da maganar ta shige ni: ido ya tsaya, na haɗiye yawu, hannu ya saki hular da nake riƙe da ita. Shi kuma na bar masa daƙiƙa biyu a tsakiya don a san da wa nake magana.

Sai kuma gurnanin janareta ya tona asirin yankan. A hotonsa yana da ƙarfi, a nawa ya yi ƙasa, duk inda na haɗa sai kunne ya ji tsalle. Na gwada maɓallin rage hayaniya, muryata ta koma kamar daga cikin rijiya. Abin da ya yi magani shi ne na yanko ɗan wurin da babu mai magana, gurnanin kaɗai, na maimaita shi na shimfiɗa a ƙarƙashin sin ɗin gaba ɗaya. Ku saurara da abin kunne, lasifikar waya tana ɓoye irin wannan.

Sauran biyun ba su wahalar ba. Ɗaya mu muka ɗauka a zauren wani gida a Arkilla bayan sallar asuba, kafin 'yan kabu-kabu su fito, kafin kuma zafin garin nan ya sa waya ta fara kashe kyamara da kanta. Makirufon maƙalawa a riga aro na yi. Da Sakkwatanci na yi shi, kuma da gangan. Na gaji da ganin duk wanda ya buɗe baki da harshenmu a fim a miƙa masa barkwanci. Sin na rigimar gado ne, babu abin dariya a ciki. Wasu sun ce in sauya zuwa Kananci don kada a ajiye ni, na ce sauran sin ɗin ai sun nuna na iya Kanancin.

Yanzu turawa ce ta rage. WhatsApp yana matse bidiyo, fuskar da na biya kuɗi a kanta ta dushe, don haka a matsayin fayil zan tura, ko in ɗora a YouTube ta yadda sai mai mahaɗin zai gani. Waɗanda suka riga suka tura wa daraktocin Kano, wanne suka fi saurin buɗewa?