Man zaituna ya rabu da ruwa yau, alhamdulillahi

Jama'a masu fama da matsar zaitun a gida irina, yau dai Allah ya yi, man ya rabu da baƙin ruwan nan mai ɗaci ya taso sama kore shar, wallahi farin ciki kamar me.

Abin da ya yi ta ci min tuwo a ƙwarya tun shigowar kakar zaitun a nan Meknes ta ƙasar Maroko shi ne blanda. Tana niƙa sumul ba laifi, amma gudunta ya yi yawa, sai ta kaɗe man da ruwan 'ya'yan su haɗe su zama abu ɗaya, ka matse ka ajiye ya kwana ka zo da safe ba ka ga komai sai kumfa mai kauri a sama, ka kai cokali ka rasa abin ɗiba. Ga tsada kuma, tunda fari ya addabi Maroko har litar man zaitun ta haura dirhami 100 a 2024, 'ya'yan ma ba sa sayuwa da daɗi, duk kilon da ya lalace sai na ji shi a raina.

Wannan karon turmi na koma, na daka har da ƙwallon, don gutsattsarinsa ne ke buɗe wa man hanya lokacin matsa. Sai juyi da muciya a hankali, a hankali sosai, kusan minti 40, kwanon yana zaune cikin ruwa mai ɗan ɗumi kar ya wuce digiri 27. Wajen minti 20 za ka ga saman ƙullun ya fara sheƙi, ɗigo-ɗigon mai suna haɗuwa a gefen kwano, to kar ka tsaya a nan. Kuma don Allah kar wanda ya zuba tafasasshen ruwa yadda ake yi wa man gyaɗa a gida, man zai fito amma ƙamshin ya tafi.

Matsar dai farin ƙyalle ne da katako biyu da jak ɗin mota. Kilo 10 ya ba ni lita ɗaya da 'yan kai, alhali ma'asara, wato gidan matsar man zaitun, tana fitar da lita daga kilo 5 ko 6, amma na ɗanɗana ya kama min maƙogwaro da yajin nan na sabon mai, kai na ji daɗi!

Saura laka da ke kwanciya a gindin kwalba, in aka bar ta tana ɓata mai. Ku da kuka riga ni, audugar tacewa kuke sa ko bari kuke ya kwanta ku tsiyaye?