Ba laifin keke ba ne

Shekara ashirin da wani abu ina ɗinki a wani ɗan shago a Shari' Mansur, nan Makka, ba a taɓa dawo min da jallabiya an ce kalmasarta ta karkace ba. Shi ya sa ranar da na ga layin ɗinkina yana lanƙwasa kamar sawun maciji a yashi, keke na zarga. Na canja allura, na kira mai gyara ya kwance shi ya zuba mai ya karɓi riyalolinsa. Yaron shagona ya ɗaga rigar ya ce, "Baba, wallahi a miƙe yake." Na ce masa ya je a duba idonsa.

A masallaci gardamata ta ƙare. Bayan la'asar ina karatu, ƙura ta shiga idona na hagu, na dafe shi da hannu. Da na dama kaɗai, sai na ga kalmar da nake kallo ta dagule kamar an ɗiga ruwa a kan tawada, layukan kuma sun yi tudu da kwari. Gefen shafin ina ganinsa sarai. Ashe tuntuni mai lafiyar ke rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Duk da haka shagon tabarau na nufa. Sau biyu ina saye, babu wanda ya canja komai. Sai da 'yata ta tsaya kai da fata ta kai ni wurin likitan ido.

An ɗiga min maganin da ke buɗe ƙwayar ido, na zauna kusan rabin awa, sannan na ɗora haɓa a kan wata na'ura da suke kira OCT. Ba ta taɓa ido, hoto kawai take ɗauka. Likitan ya juyo min da allon. A idon hagu, tantanin bayan ido, wanda Larabawa ke ce wa shabakiyya, ya kwanta lafiya da ɗan kwarinsa a tsakiya. A na dama wurin ya tashi kamar ƙullun da ya sha yis, da baƙaƙen ramuka cike da ruwa. Ya ce kaurin wurin ga mai lafiya bai cika wuce maikiron 300 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), nawa ya haura 450. "Irtishah ne, ya Hajj," in ji shi. Turawa na ce masa macular oedema, wato kumburin tsakiyar tantanin gani.

Wurin nan faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, amma da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi nake zura zare a allura. Suga idan ya daɗe sama yakan raunana ƙananan jijiyoyin jinin da ke wurin, su riƙa yoyo, ruwan ya taru. Shekara 11 ina da ciwon suga ban taɓa kai idona gwaji ba, don ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya hawaye. Gwajin tarakumi, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata uku, nawa ya nuna 10, alhali ƙasa da 7 ake so. Na tuna shayin da nake sha kofi biyar a wuni, da dabino, da kabsar dare, shinkafa da nama, na yi shiru.

Ba suga kaɗai ke kawo shi ba. A ɗakin jira na haɗu da wani dattijo ɗan Sudan da hawan jini ya toshe masa jijiyar ido, da wata baiwar Allah da nata ya biyo bayan aikin yanar ido. Kumburin cikin ido da tsufa ma suna jawo shi.

Da ya ce magani allura ce a cikin ido, na miƙe tsaye. Ni da allura ce sana'ata! Amma abin bai kai yadda na zata ba. An kashe wurin da ɗigo, an wanke da aidin, an sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, aka ce in kalli gefe. Na ji an ɗan danna farin idon, shi ke nan. Yinin ranar ina ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo, idon kuma kamar da yashi a ciki. An ce in kiyaye ruwa na 'yan kwanaki, sai na riƙa alwala a hankali ido a rufe, kuma in na ji ciwo mai tsanani ko gani ya ƙara dushewa, in koma nan take, ko da tsakar dare ne.

Alluran suna hana jijiyoyin yoyo ne. Akwai Eylea da Lucentis da Vabysmo, akwai kuma Avastin, wanda asalinsa maganin daji ne amma likitocin ido sun daɗe suna amfani da shi, kuma ya fi sauran sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. 'Yan'uwana da ba su da ta'amin, wato inshorar lafiya, ku tambayi likita wannan kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Wasu kuma ana sa musu Ozurdex, ɗan ƙwayar magani da ake sakawa cikin ido yana yin watanni yana aiki, sai dai yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ko ya gaggauta yana. Wasu a yi musu leza.

Abin da ya fi min wuya shi ne ba sau ɗaya ba ce. Da farko duk wata ake yi. Yanzu na yi uku, kaurin ya sauko, kalmomin Alƙur'ani sun dawo wurinsu, ko da yake fari har yanzu ya fi fari a idon hagu. Shayina ya koma babu suga, Hajiya kuma ta ɓoye kwalin dabino inda ta ɗauka ban sani ba. Kullum da safe kafin in hau keke sai in rufe ido ɗaya in kalli gefen ƙofar shago, in rufe ɗayan. Kalmasa dai na bar wa yaron tukuna, ni ina yanka. Allura ta huɗu ranar Talata ce.